Salati Goma Kafin Shuka

Ranar da zan tafi Amurka kowa a gidan nan ya yi abin da zai iya. Babanku Sale ya sayar da bijiminsa, Yaya Hansai ta sayar da awakinta, aka haɗa na jirgi. Inna kuwa, kakarku, ko kaza ba ta da ita. Sai ta ja ni bayan ɗaki ta danƙa mini wani ƙullin tsumma, ta ce, "Ɗanlami, irin kuɓewata ne. In ka je ka samu ƙasa ka zuba, kada su kashe ka da miyar gwangwani." Na karɓa da hannu biyu, ina dariya a zuci. Mutum zai je Niyok, garin da benaye ke gogar gajimare, a ba shi guzurin kuɓewa!

Kai Nura, ajiye wayar nan, kai ne fa kullum kake rantsuwar sai ka haye. Habiba, kyauta wa baffanki da ruwa.

Yadda ƙullin ya wuce filin jirgi kada ku tambaye ni, kuma kada ku gwada, don yanzu karnukansu har daddawar da ka ci bara suna shinshinowa. Kun dai san kuɓewar da nake nufi, gajerar nan mai jan baki, wadda in an kaɗa ta sai an nemi almakashi a yanke yauƙin. A wurin uwarta Inna ta gaje ta.

Na sauka a Buronkis, wani yanki na Niyok, kusa da wata unguwa Fakcesta, a wani ɗaki da in ka yi miƙa sai ka gaisa da maƙwabci. Aikina wankin mota. Ni da na je da niyyar tuƙa su, na ƙare ina goge musu taya. Ƙullin Inna kuwa yana can ƙasan akwati tare da hular da ba ta da amfani a garin.

A shekarata ta biyu Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ban ga gawarta ba. Bayan arba'in muna waya da babanku na ce, "Sale, bana ka shuka kuɓewar Inna kuwa?" Ya ce, "Yaya, ɓeraye sun huda goran da take ajiye irin, ko ƙwaya ba su bari ba. Irin kamfani muka saya." Ashe duk duniya abin da ya rage na kuɓewar nan shi ne wanda ke ƙasan akwatina. Iri kuma ba dutse ba ne, in ya ƙara shekara ko biyu a tsumma ya mutu.

To akwai wani fili a bayan layinmu, tsakanin bene da bene, sun kewaye da waya suna ce masa gadin. Lambun unguwa ke nan. Kowa a yanka masa ɗan akwatin ƙasa, wallahi bai kai tabarmar sallah biyu ba, amma ka ga ƙato da safar hannu da hular malafa da ɗan cokalin tono, yana huci kamar ya nome fadama. Na sa suna, aka ba ni nawa.

Maƙwabciyata a wurin wata dattijuwa ce, Hajiya Memuna, 'yar Zangon Kumasi, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Irin Hausarsu ce da ita, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata. Shekararta ashirin a garin, ba ta san tsoron kowa ba.

Tsakiyar watan Maris sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, washegari rana ta fito tas. Turawa suka tuɓe riguna suka bazu a titi suna cewa sifirin ya zo, wai lokacin fitar sanyi. Ni sifirin da na sani na katifa ne. Amma ruwa na san shi. Na je gadin na luma hannu a ƙasa, danshi ya wuce kamu guda. A garinmu in ruwa ya kai haka ba ka fita da sungumi ba, har 'ya'yanka sai an yi musu gori.

Ina cikin tona ramuka Hajiya ta iso.

"Malam, me kana yi?"

"Abin da kakana ya yi, Hajiya."

"Kakanka ya yi a Buronkis? Wannan okuro ne ko? Ba a sa shi yanzu. Furos bai gama ba. Yanzu latas ne, albasa, alayyahon bature, su suna son sanyi. Tumatir da barkono sai bayan Madas De. Okuro ma ka ƙara sati biyu, uku."

"Wane ne kuma Furos? Mai unguwa ne?"

"Za ka san shi."

Madas De wai ranar iyaye mata ce, a watan Mayu. Ku ji mini gari! Damina ba ta bin hadari, sai ta jira a saya wa tsohuwa fure. Na ce, "Hajiya, ku rogo da doya kuka sani. Ni jikan Sarkin Noma ne." Ba jikansa ba ne ni, kun sani, amma ya taɓa aron jakin kakanmu.

Ta ce, "To jikan Sarki, ɗora hannunka a ƙasa ka yi salati goma. In ka gama ba ka ɗauke ba, ka shuka."

Na ɗora. A na uku yatsuna suka daina jin magana. Sai na lanƙwasa su na ƙarasa sauran bakwai ɗin da gudu, irin na limamin da ya hango hadari. Na ce, "Goma cif!" Na zazzage ƙullin Inna gaba ɗaya na rufe da dunduniya.

Kwana biyar a tsakani na fito da safe, gari ya yi fari fat. Ƙanƙara ce irin mai laushin nan, sino. Ashe Furos ɗin ke nan, sanyin da ke daskarar da ƙasa. Sanyin ranar, na yi wa wani ɗan Nijar sallama a bakin tashar jirgi, sallamar ta daskare a iska, sai da azahar ta narke ya amsa. Habiba, ki yi ta dariya, ke ba ki je ba.

Na jira sati uku, ko tsinke bai tsiro ba. Na tona. Irin ya ruɓe, ya zama kamar jiƙaƙƙiyar dusa, in ka matsa sai ya fashe a yatsa. Ruwan garin nan maƙaryaci ne, Nura. Yana sauka kamar na kirki, amma ƙasar da yake sauka a kai firji ce.

Ban yi kuka ranar rasuwar Inna ba, don ina tsakiyar wanke wata baƙar jif aka kira ni. A gaban akwatin ƙasar nan na yi shi.

Hajiya ta same ni a tsugune. Na shirya wa gori, kuma ta yi, ba ta rage ba. "Jikan Sarki, ka gaisa da Furos?" Sai na faɗa mata irin Inna ne. Ta ce, "Tsumman yana ina?" Yana aljihuna. Ta zare allurar mayafinta ta bi ɗinkin bakin tsumman a hankali. Ƙwaya bakwai suka faɗo a tafin hannunta.

Na miƙa hannu, ta bige shi. "Kai ba za ka taɓa ba sai na faɗa."

Ita ta sa na jiƙa su kwana guda, na shuka su a kofunan takarda na shan shayi, na jera a tagar ɗakina saman hita mai ɗumama ɗaki. Wai haka ake yi a ƙasar sanyi, a fara reno a ɗaki wata guda ko fiye kafin a kai waje. Biyar suka tsiro. Sai ga mai kula da benenmu, sufa suke ce masa, wani mai tumbi da tarin makullai, ya zo gyaran famfo ya hango su.

"Wat is dis? No wiwi hiya!"

"Ba wiwi ba ne, sa. Okura. Mai mada."

"Yo mada?" Ya dubi kofunan, ya dube ni. Ina jin ya ɗauka tokar gawarta na zuba a ciki, don su suna yin haka. Ya cire hula ya fita da baya. Tun daga ranar bai ƙara kashe mini hita ba.

Wulaƙancin bai ƙare ba. Da Mayu ya yi nisa Hajiya ta ce sai an saba musu da waje. Kullum in sauko da tire daga hawa na biyar, su sha iska awa biyu, gobe uku, in mayar da su. Ƙato da gemu yana fitar da kuɓewa shan iska! 'Yan Nijar na layinmu suka sa mini suna Uwar Biyar. "Uwar Biyar, yaya yara? Sun kwan lafiya?" Na ce lafiya lau, suna gaishe ku.

Farkon Yuni ta sa ni na ɗora hannu. Wannan karon tsayawa ta yi a kaina tana ƙirgawa da carbi, ba halin gudu. Na yi goma a natse, ƙasa da ɗumi kamar bayan akuya. Muka dasa. Ɗaya ta mutu, huɗu suka tashi har ƙirjina, da jan bakinsu.

Kun zaci na sha miya? Ko ɗaya. Na kai hannu zan tsinka ta ce, "Bana ba ci. Furos yana dawowa Oktoba ko Nuwamba. Ka bar su su bushe a jiki." Daminarsu ke nan, sanyi a gaba, sanyi a baya, kai kana tsakiya kamar ɗan haya. Na bar su. Muka fasa ƙwansuna, irin ya cika gwangwanin madara.

Shekara shida muna haka, rabi a akwatina, rabi a nata. Da gwiwoyina suka gaji da ruwan wankin mota na ce zan dawo gida, ta zuba mini irin a ambulan ɗin wurin aikinta, da sunanta a jiki.

Sauran kun gani da idonku. Kun ga ranar da ruwan farko ya sauka na tsuguna a gona na ɗora hannu, a salati na biyu ƙasa ta kusa gasa ni, babanku yana cewa, "Yaya, wannan kuma wace ibada ce ta Amurka?" Kun kuma ga ranar da aka kaɗa miyar farko, ya kai loma ɗaya ya ajiye hannu, ya ce, "Ta Inna ce," ya tashi ya fita waje ya daɗe.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne matan garin nan. Sun zo roƙon iri, suka karanta ambulan, shi ke nan. Yanzu har kasuwar Laraba ka ji ana cewa a ba ni 'yar Memuna. Matar da ko sunan garinmu ba ta iya faɗa daidai! Ni da na hau benen hawa biyar da tire, ko Uwar Biyar ɗin ba wanda ya tuna.

Nura, tunda wayar na hannunka, ɗauki hoton kwanon miyar nan ka tura mata. Ka ce ana gaishe ta. Maganar suna kuwa kada ka sake ka faɗa mata, don in ta ji, har kabarina sai ta biyo ni da carbi.