Irin dawar da Baba ya koma ɗaukowa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Haladu, daga Maruta ta Gwaram.

Daminar bara ruwa ya shigo ƙauyenmu da hantsi, kafin azahar ya kai gwiwa. Hukuma ta turo sojoji da kwalekwale, suka fara kwashe mata da yara, sannan tsofaffi.

Mahaifina har ya sa ƙafa a cikin kwalekwalen, sai ya tuna irin dawarsa, ya juya zai ɗauko. A wajenmu zangarniyar dawa mafi kyau ake ratayewa a ɗaki don shukar baɗi, ko yunwa ake ba a taɓa ta. Wani soja ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, bar shi, za a ba ku wani." Baba ya ce, "Wannan tun na kakana ne." Ya koma. Ina tsaye ina kallo bangon ɗakin ya rufta a kansa.

Da hannu sojojin suka tono shi, suka nufi asibitin Birnin Kudu da shi. Bai kai ba. Sojan nan ne ya miƙo min zangarniyar a jiƙe, na shanya.

Har yau ban yi kuka ba, Malam. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci, shi ke nan. Ga damina ta dawo, kowa ya yi shuka, irin yana nan rataye a ɗakina. Masu sauraro, in shuka shi ko in bar shi?

Ina gaida sojan nan. Ko sunansa ban tambaya ba.