Shayin Ban Haƙuri

A tashar motar Changsha ta ƙasar Sin, Uwargida Qiao ta rungume gwangwanin ganyen shayi, tana faɗa wa tsohon da ke gefenta damuwarta.

"Baba, ɗana Wenbo ne ya ƙaryata farfesansa a gaban jama'a. Haƙuri zan je bayarwa, kada jami'a ta kore shi."

"A zauren muhawara?"

"Nan fa."

"Kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Al'adar tsofaffin makarantun Konfushiyas, babban malamin Sin na dā, muka farfaɗo: malami ya faɗa, ɗalibi ya musa. Shekara uku ina jiran mai musu, ɗaliban kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangaru."

"Au! Kai ne farfesan?"

"Ni ne. Kuma yaron ya fi ni gaskiya."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta fara tura gwangwanin cikin jaka.

"A'a, kawo shayin," in ji tsohon. "Ai na ji zafin musun."