Tukunya Lamba Ashirin

A kasuwar Karaye, wani dattijo daga Yammedi ya tsuguna gaban mai tukwanen dalma, yana ƙwanƙwasa wadda ta fi girma.

"Baba, sannu da zuwa. Wacce za a ba ka?"

"Ta dafa ruwan wanka. Tamu ta huje."

"Ku nawa ne a gidan?"

"Kai ɗan nan, ana ƙirga iyali? Allah dai ya yi albarka."

"Amin. To bokiti nawa ake dafawa da asuba?"

Dattijon ya ce, "Biyu."

"Biyu! Ai lamba biyar ta ishe ka. Wannan lamba ashirin ce, itace kawai za ta cinye maka."

"Itacenka ne?"

"A'a, amma daga kai sai Inna ke nan."

"Yaran suna Kano, da Sallah za su zo. So kake jikokina su yi layin wanka?"

Mai tukwane ya yi dariya. "To haɗa da ƙaramar, ta kullum."

"Bar ta! Ranar da tsohuwa ta ga ƙaramar tukunya a murhu, cewa za ta yi na fid da rai da zuwansu. Ɗauro babbar."