Sandunan da Na Riƙe Bayan Ƙafata Ta Warke

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Haleluya!

Na ga wasu suna leƙen ƙafata tun shigowata. Ku leƙa da kyau, ni ne dai Ishaku, kuma da ƙafata na tako har gaban nan. Amma kada ku yi saurin tafi, ku bari in gama tukuna.

Kun tuna shekara biyu da suka wuce, ina dawowa daga kasuwar Mai'adua a kan babur, wata a-kori-kura ta kwashe ni ta karya mini cinya. Direban, Malam Lawali, bai gudu ba. Shi ya ɗauke ni ya kai ni asibiti a Daura, rigarsa duk jinina.

Da na ɗan farfaɗo, danginsa suka zo da mai gari. Suka ce a yi sulhu, ko a je gaban alƙali ya yanke diyyar rauni yadda shari'ar Musulunci ta tsara. Na ce ni Kirista ne, me ya haɗa ni da kotun shari'a? Gaskiyar magana, ba bangaskiya ce ta hana ni ba. Wani lauya ne ya riga su zuwa bakin gadona, ya ce babbar kotu za ta ba ni abin da zan gina gidan siminti. Na shigar da ƙara, aka riƙe motar Lawali har sai an gama shari'a.

Ku kuma kuka duƙufa da addu'a. Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta ɗauki alkawarin azumi kowace Laraba sai ranar da na taka ƙasa.

To, Allah ya ji. Wata bakwai, ƙashi ya haɗe sarai. Wata safiya na tashi zan kori akuya daga bakin rumbu, sai da na kai tsakar gida na ga ashe sandunana suna ɗaki. Matata Rifkatu ta rangaɗa guɗa, na toshe mata baki.

Na je na gaya wa lauya. Ya rufe ƙofar ofis ya ce, “Malam Ishaku, gurgu ake biya da tsoka, ba mai tafiya ba. Riƙe sandunanka, saura kaɗan.”

Saura kaɗan! Yau a ɗage, gobe alƙali ya tafi taro, jibi takardar likita ba ta iso ba. Shekara guda da watanni ina ɗingishin ƙarya.

Wayyo, 'yan'uwa, ban taɓa sanin kurkuku irin wannan ba. A gidana sai an sa sakata nake miƙe ƙafa. Ko bayan gida zan zaga sai na leƙa ta katanga. Ana waƙa a nan kuna rawa, ƙafata tana motsi da kanta, ina danne ta. Hammatata ta yi kanta saboda sanduna. In na yar da su, a ce na yi wa kotu ƙarya, in na riƙe su, Allah nake yi wa ƙarya. Gaba kura, baya sayaki.

Rifkatu ta daina zama kusa da ni a coci. Ta ce, “Maigida, ba zan iya kallon tsohuwar nan tana azumi a kan ƙafar da ta fi tata lafiya ba.” Na ce ta yi mini shiru, ai don ita da yara nake yi.

Damina ta faɗi, ciyawa ta rufe mini gero. Ina da ƙarfin noma, ba ni da halin a gan ni riƙe da fartanya.

Ranar wata Asabar da hantsi aka ce in zo gona. Na dogara sanduna na tafi. Me zan gani? Malam Lawali ne da 'yan'uwansa, sun yi mini gayya, har sun ci rabin gonar. Mutumin da na sa aka kulle motar da yake ci da iyalinsa! Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya zo ya ba ni hannu, tafinsa duk bororo, don hannun direba bai saba da ƙota ba.

Na ce, “Malam Lawali, wannan fa? Muna kotu da kai.”

Ya ce, “Kotu daban, Malam Ishaku. Ni na karya ƙafar nan, ni ya kamata in yi mata aikinta. Zauna a inuwa, kada ka fama ta.”

Har ya shimfiɗa mini buhu a gindin gawo. Na zauna ina kallon bayansa yana sunkuye, jiri na ɗibarsa yana tsayawa yana ci gaba. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina. A nan na sunkuyar da kai na ce, “Ya Yesu, ka warkar da ni, ni kuma na ɓoye. Na ɗaure kaina, na ɗaure bawan Allahn nan. Ba ni da ƙarfin kwancewa, ka kwance ni.”

Ban ji wata murya daga sama ba. Tsoron ne kawai ya sake ni. Na miƙe ba sanda, na taka kunyoyin gonar har inda yake, na karɓi fartanyar daga hannunsa. Ya dubi ƙafata, ya dube ni. Can ya ce, “Tun yaushe?” Na gaya masa. Ya juya ya tafi gida. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis ɗin nan na shiga kotu da ƙafata na faɗi gaskiya. Lauya ya tattara takardunsa ya fice. Alƙali ya wanke ni tas da faɗa a gaban jama'a, ya ce kuɗin magani kaɗai za a biya ni, a saki mota. Gidan siminti ya tafi. Lawali bai ce ya yafe ba tukuna, ina ci gaba da zuwa ƙofar gidansa, ku taya ni da addu'a.

Amma na gode wa Ubangiji, jiya da rana tsaka na yi noma a gonata kowa yana gani! Ɗan'uwa, in akwai sandar da kake riƙe da ita don tsoron abin da za ka rasa, ka dogara ga Yesu ka ajiye ta. Ga nawa nan, na ajiye su a gaban bagade.

Mama Saratu, ki gafarce ni. Allah ya amsa miki tun bara, ni na ɓoye miki amsar. Laraba mai zuwa ki ci abincinki, Mama.

Amin.