Mijina ya sha maganin tafiyarsa tun daga gida

Assalamu alaikum, malam mai gabatar da shiri. Ni ce Falmata daga Gure, jikata ce ke rubuta mini.

Zamanin Nasara, kafin babban yaƙi, ina amarya, maigidana ya kamu da ciwon zuciya. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ma da ƙyar. Likita a Damagaram ya ba shi magani a 'yar kwalba, ya ce ɗigo kaɗan kullum, kada ya ƙara. Ya kuwa ji sauƙi.

Da tafiyar kai dabbobi Bune ta taso, sai ya ji tsoron kwalbar ta fashe a hanya. Ya ce mini, "Falmata, raƙumi ma tun daga gida yake shan ruwan tafiyarsa." Ya haɗa rabon kwanakin duka ya shanye. Kafin azahar amai ya sarƙe shi, yana cewa komai ya koma rawaya. A bayan raƙuminsa aka maido mini da gawarsa.

Yanzu ɗanmu ke shan ƙwayar zuciya, shi ma makiyayi ne. Don Allah ku tambayar mana likita, yaya mai shiga daji zai yi da maganinsa? Uban ya tafi, ba na son ɗan ya bi shi ta wannan hanya.