Turakun Siminti a Gonata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Malam Sani, manomi a hanyar Tsibiri.

Shekara ukku ke nan masu awon filaye sunka kafa turakun siminti a gonata. Wai za a gina babbar unguwa mai wutar sola da itatuwa. Babbansu ya ce mini, "Baba, kar ka shuka, za a musanya maka da wata gona."

Na yarda. Har yau babu gini, babu gona. Na gaji da zarya ofishinsu, kullum "dawo gobe". Rumbuna ya ƙare, ƙanena na Jiratawa ke ciyar da mu.

Ga hadari ya fara haɗuwa. Jama'a, ku ba ni shawara: in shuka hatsina, ko in ƙara jira?