Takardun Jinin Mama

"Ba zan tashi ba," in ji budurwar.

A ɗakin jiran likitan ƙwaƙwalwa ne. Mai kiran layi na tsaye a kanta, mahaifiyar budurwar kuwa na gefe tana kallon bango.

"'Yan mata, an rufe layi. Ki mai da Mama gida. Tsufa ne, kowa na mantuwa."

"Tsufa, Anti? Shekararta hamsin da biyu. Jiya sunana ya ɓace mata. Ga gwaji uku, fararen ƙwayoyin jininta a sama suke tun bara. Kowane ɗaki ya duba nasa ya sallame mu."

"To, sannu likita!"

"Ni ba likita ba ce, amma na iya karatu. Hoton kanta ya nuna ƙananan jijiyoyin jini sun fara lalacewa. In kumburi ne ke cin su, ya kamata likita ɗaya ya haɗa takardun nan ya duba."

Mai kiran layin ta kalli jakar littattafan budurwar. "Yau babu makaranta?"

"Jarrabawar ƙarshe muke. Ƙarfe goma aka shiga."

"Subhanallahi! Ga shi rana ta take."

Budurwar ta gyara wa uwar mayafi.

"Na sani. Zan maimaita shekara. Amma sai likita ya gan ta yau."